Dare ɗaya a Ginza: ƙaramin ɗaki da loma goma sha huɗu

Taron aikin da ya kai ni Japan a birnin Fukuoka aka yi shi, can a tsibirin Kyushu, kuma da aka tashi sai ya zamana jirgin da zai dawo da ni gida ba zai bar filin Narita ba sai daren Juma'a, alhali ni kuwa tun ƙarfe 11 na safiyar Alhamis na sauka a filin Haneda. Wannan tazara ta kimanin sa'o'i 35 ita ce ta ba ni damar yada zango a Tokyo, kuma tun ina Abuja wajen neman biza na ƙudurta cewa in dai hakan ta samu, zan kashe abin da ya rage na kuɗin guzurina a kan abu biyu kawai: ɗaki mai tsabta a tsakiyar gari, da cin abincin dare sau ɗaya a irin gidajen da ake ba da labarinsu na sushi, wato abincin Japan na lomar shinkafa da yankan kifi a kai. Abin da na gani a waɗannan wurare biyu shi nake son in bayyana a nan, domin amfanin duk wanda hanya za ta bi da shi ta wannan birni, musamman Musulmin da yake son ya ɗanɗana ba tare da zuciyarsa ta yi ta raya masa wani abu ba.

Daga Haneda zuwa unguwar Ginza tafiyar kimanin rabin sa'a ce a jirgin ƙasa na layin Keikyu, wanda yake zarcewa ƙarƙashin ƙasa ya haɗe da layin Asakusa ba tare da an canja jirgi ba. Na fito a tashar Higashi-Ginza, daidai gindin gidan wasan gargajiya na Kabukiza, na ja akwatina na minti biyar zuwa otal. Unguwar ta samo sunanta ne daga gidan buga kuɗin azurfa da gwamnatin Tokugawa ta kafa a wurin a shekarar 1612, kuma har yau ƙanshin kuɗi bai bar ta ba, domin kowane kanti da mutum ya leƙa sai ya ga farashin da zai sa ya mayar da hannunsa aljihu a hankali.

Otal ɗin na matsakaita ne, irin wanda ma'aikata masu tafiyar aiki suke sauka, ba na manyan attajirai ba. Na biya kimanin yen 26,000 a dare, a lokacin da dala ɗaya take kusan yen 150, sannan aka ƙara yen 200 na harajin kwana da hukumar birnin take karɓa. Abu na farko da ya ɓata mini rai shi ne ƙa'idar shiga ɗaki. Na iso wajen ƙarfe 12 da rabi, na gaji, ina son in yi alwala in miƙe, amma aka gaya mini cikin ladabi mai yawa, da rusunawa har sau biyu, cewa ba a ba da mabuɗi sai ƙarfe 3, kuma duk bayanin da na yi bai motsa wannan ƙa'ida da ko minti ɗaya ba. A gida da an ce, "Alhaji, bari mu duba maka," a samu wata dabara. A nan kuwa ladabin yana nan cif, amma ƙofar a rufe take. Sun karɓi akwatina sun ba ni lamba, na fita na zaga titin Chuo har wajen hasumiyar agogon Wako, na dawo ƙarfe 3 saura minti biyar, na tarar an riga an kai kayana ɗaki.

Ɗakin bai fi murabba'in mita 18 ba, kuma da na buɗe akwati a ƙasa sai hanyar zuwa banɗaki ta toshe. Sai da na tura kujera ƙarƙashin tebur kafin na sami inda zan shimfiɗa darduma. A nan ne kuma na yi wa kaina dariya, domin da na duba alƙibla a waya sai na ga ta nuna yamma, ta ɗan karkata arewa. Mutumin da ya tashi yana jin ana cewa "fuskanci gabas" a duk lokacin da ake nufin salla, sai ga shi yana kallon mafaɗar rana yana kabbara. Tagar ɗakin ba ta buɗewa sai ɗan kaɗan, kuma abin da take kallo bangon wani gini ne, saboda haka wanda yake son ya ga fitilun Tokyo daga kan gadonsa sai ya ƙara kuɗi sosai. Soket ɗinsu mai siririyar kafa biyu ne, wutarsu kuma bolt 100 ce, don haka cajar da na zo da ita daga gida mai ƙafa uku ba ta shiga ba, sai da na aro mahaɗi a wajen masu karɓar baƙi.

Amma in aka zo batun tsabta, ban taɓa kwana a ɗakin da ya kai shi ba. Zanen gadon fari ƙal, an ajiye kayan barci a ninke, da silifas, da butar shayi ta lantarki da ganyen shayi kore. Banɗakin kuwa ya hutar da ni daga wahalar da na saba sha a otal-otal na Turai, inda mutum yake yawo da gorar ruwa a madadin buta, domin masan nasu yana da maɓallan da suke fesa ruwa mai ɗumi don tsarki, kujerar ma a ɗumame take saboda sanyin Nuwamba. Ko motsin maƙwabci ban ji ba duk daren. Karin kumallo ne dai ban amfana da shi sosai ba, saboda yawancin abin da aka jera mai zafi akwai naman alade a ciki ko a gefensa, kuma ba a rubuta bayanin komai da Ingilishi yadda ya kamata ba. Shinkafa da gasasshen kifi da dafaffen ƙwai na ci na tashi.

Inda otal ɗin ya biya ni kuɗina har da riba shi ne teburin karɓar baƙi. Manyan gidajen sushi na Tokyo ƙanana ne ƙwarai, galibi kujeru takwas zuwa goma, kuma da yawansu ba sa karɓar ajiyar wuri daga baƙon da ba su sani ba sai ta hannun otal ɗinsa, saboda sun sha ganin an kama wuri an ƙi zuwa bayan sun sayi kifi mai tsada. Wannan tsaurin ya kai ga cewa a shekarar 2019 littafin Michelin, mai tantance gidajen abinci, ya cire shahararren gidan nan na Sukiyabashi Jiro daga jerinsa, wato gidan da firaminista Shinzo Abe ya kai shugaba Barack Obama a watan Afrilun 2014, don kawai ya daina karɓar ajiyar wuri daga jama'a. Ni ban nemi irin wannan ba. Makonni uku kafin tafiyata na rubuta wa otal ɗin wasiƙa ta imel, na roƙi su nemo mini kujera ɗaya a gida mai kyau da ke kusa, na kuma bayyana musu cewa ni Musulmi ne, ina cin duk abin da ya fito daga teku, amma ba na son a sa mini giya a abinci ko da an dafa ta.

Wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai sushi, kuma ya kamata mai karatu ya san dalili. Kifin kansa babu matsala a kansa. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo a teku, mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta kuwa ba ta ware jatan lande ko sauran halittun ruwa ba. Matsalar tana cikin abin da ido ba ya gani. A irin waɗannan gidaje baƙo ba ya tsoma lomarsa a cikin ruwan waken suya mai gishiri da suke kira shoyu. Mai gidan ne yake shafa wa kowace loma wani haɗi mai suna nikiri da ɗan buroshi, kuma ana yin nikiri ne da shoyu da giyar shinkafa ta sake da wata mai zaƙi da ake kira mirin, a tafasa su tare. Haka nan kifin anago, mai siffar maciji, a cikin irin wannan romo ake dafa shi, wainar ƙwan da ake rufe cin abinci da ita ma sau da yawa akwai mirin a ciki. Su a ganinsu tafasawar ta kore giyar, sunan nikiri ma abin da yake nufi ke nan. Ni dai na fi son in kauce. Ruwan khal da ake kwaɓa shinkafar da shi ban damu da shi ba, ko da yake daga dusar giyar ake samo jan nau'insa, tunda ya riga ya rikiɗe ya zama khal. Shoyu zalla ma na yarda da shi, duk da na san akwai 'yan uwa masu tsantseni da suke barinsa saboda ɗan abin da tsimuwa take haifarwa a cikinsa, kuma wanda yake kan wannan ra'ayi sai ya nemi a yi masa da gishiri kaɗai.

Wata matashiyar ma'aikaciya ce ta ɗauki nauyin wannan magana. Ta gaya mini a wasiƙa cewa gidaje biyu sun ƙi, sun ce ba za su iya sauya tsarinsu saboda mutum ɗaya ba, na uku ne ya amsa, da sharaɗin cewa ba zai ba ni anago da wainar ƙwai ba, zai musanya su da wani abu, kuma kuɗin ba zai ragu ba. Ta kuma sanar da ni cewa in na fasa zuwa a ranar, za a cire kuɗin gaba ɗaya daga katina. Da na sauko da yamma, ta miƙo mini takarda ɗaya da hannu biyu: taswirar hanya da hoton ƙofar ginin, a ƙasa kuma bayanin sharaɗina da rubutun Japananci, ta ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka fi muhimmanci. Sai ta ɗan yi jim, ta ce cikin jin nauyi, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, sun roƙi kada a sa turare."

Wannan kam ya zo mini a ba-zata. Kaftanin da na ware domin wannan dare uwargida ta turara shi da turaren wuta tun a gida, ƙanshin kuwa ya kama shi kamar a ranar aka yi, ga kwalbar oud ina shirin ɗigawa a wuyan hannu. Dole na koma sama na cire, na sa rigar taro ta Turawa wadda ba ta da ƙanshin komai. A lokacin na ji haushi, amma da na zauna a ɗakin da bai fi rumfar mai shayi biyu ba, na shaƙi ƙanshin shinkafa mai ɗumi da na katakon kanta, na gane cewa da na shigo da turarena da na ɓata wa mutum bakwai abincin da suka biya da tsada.

Gidan yana hawa na uku na wani siririn gini a wata 'yar hanya bayan babban titi, ba shi da allon talla sai ɗan katako mai rubutu da labule gajere a bakin ƙofa. Ba don hoton da aka ba ni ba da na wuce shi sau goma. A Tokyo rana takan faɗi wajen ƙarfe 4 da rabi a ƙarshen Nuwamba, saboda haka na yi Magariba da Isha'i a haɗe kafin in fito, na isa ƙarfe 6 saura minti biyar. Kujeru takwas ne a jere gaban kanta guda ta katakon hinoki, fari sol ba fenti, mai santsi kamar an goge shi da alhariri. Kowa ya zauna, aka miƙo tawul mai zafi na goge hannu, kuma ƙarfe 6 daidai mai gidan, dattijo mai askakken kai da zai kai shekara sittin, ya rusuna ya fara aiki. Na miƙa masa takardata, ya karanta, ya nuna mini wani ƙaramin kwano da buroshinsa daban da aka ajiye a gefen hagunsa, ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna ni. Nawa ke nan.

Tsarin cin abincin shi ne wanda suke kira omakase, ma'ana "na bar maka zaɓi". Babu takardar jerin abinci, babu tambayar me kake so. Abin da mai gida ya samo a babbar kasuwar kifi ta Toyosu da asuba shi za ka ci, a jerin da ya ga dama. An fara da ƙananan faranti huɗu: yankan farin kifi na hirame da gishiri da ɗigon lemun tsamin sudachi, sai ƙwan kifin salmon a kan 'yar shinkafa, sai halittar tekun nan mai hannaye takwas da Turawa suke kira octopus, wadda aka dafa mini daban da gishiri, sai wani gasasshen kifi. Suna da daɗi, amma ba su ne suka tsaya mini a rai ba, don haka ba zan daɗe a kansu ba.

Da aka zo kan sushi ɗin kansa ne na ga abin da ake biya wa kuɗi. Yaron gidan ya shigo da shinkafa a ƙaramin akushin katako mai murfi, kaɗan kawai, wadda ba za ta wuce loma biyu ga kowane mutum ba, kuma haka ya riƙa sabunta ta duk bayan 'yan mintoci don kada ta huce. Launinta ja-ja ne saboda jan khal ɗin nan da suke kira akazu. Mai gidan ya tsoma yatsunsa a ruwa, ya tafa hannu sau ɗaya, ya ɗebo shinkafa da dama ba tare da ya kalla ba, ya ɗauki yankan kifi da hagu, ya lakato wasabi, koren yajinsu, da ɗan yatsa ya shafa a cikinsa, ya ɗora shinkafar, ya danna, ya juya, ya sake dannawa, ya shafa shoyu, ya ajiye a gabana. Duk wannan bai kai daƙiƙa goma ba. Da ya ajiye lomar sai na ga ta ɗan nutse da kanta, kamar ta yi ajiyar zuciya, alamar akwai iska a tsakanin ƙwayoyin. Ana ci da hannu, abin da ya yi mini daidai, kuma ana ci nan take, gaba ɗaya, ba a gutsura.

Mu da muka saba da tuwon shinkafa mun san loma mai kyau ita ce wadda ta tuƙu ta haɗe. Wannan kishiyarta ce: tana riƙe da kanta daga kan tebur zuwa baki, amma da ta taɓa harshe sai ta warwatse, kowace ƙwaya daban, da ɗumi irin na jikin mutum, da tsami da gishiri daidai gwargwado, kifin kuma ya biyo baya da ɗan sanyinsa. Kafin wannan dare na ɗauka kifi shi ne sushi, shinkafa kuwa matashi ce kawai da ake ɗora shi a kai. Tun a loma ta biyu na sauya ra'ayi.

Akwai kuma kuskuren da yawancinmu muke yi na cewa sushi ɗanyen kifi ne kurum, kamar yadda uwargida ta ce da na kira ta, "Ɗanye fa ka ce? Allah ya sawwaƙe." Salon Tokyo, wanda ake kira Edomae daga tsohon sunan birnin, Edo, ya samo asali ne a wajajen shekarun 1820, kuma ana danganta shi da wani mai sana'a Hanaya Yohei. A lokacin babu firiji, abincin tsaye ne na leburori a bakin titi, kamar yadda ake tsayawa gaban mai tsire a yanka maka ka ci, saboda haka dole kowane kifi a yi masa wani aiki da zai hana shi lalacewa: a jiƙa shi a shoyu, ko a barbaɗe shi da gishiri a tsoma a khal, ko a naɗe shi a ganyen teku na kombu ya kwana, ko a dafa. Firiji ya zo, amma aikin ya zauna, domin an gano cewa shi ne yake fito da ɗanɗanon. Cikin loma goma sha huɗu da na ci, kaɗan ne kawai wuƙa kaɗai ta taɓa.

Wadda ta fi burge ni ita ce kohada, ɗan ƙaramin kifi mai fata kamar azurfa da ɗigo-ɗigon baƙi, wanda ba shi da wata daraja a kasuwa kuma ba ya ciwuwa sai an sarrafa shi. An ce da shi ake auna gwanintar mai sushi, domin tsawon lokacin da zai yi a gishiri da wanda zai yi a khal ya danganta da girmansa da kitsensa da yanayin ranar, kuma babu ma'aunin da zai gaya maka sai ido da hannu. Wadda aka ba ni ta fara da tsami mai kaifi, sannan kitsen ya fito a hankali ya lulluɓe shi, har bayan na haɗiye ina jin ɗanɗanon yana sauyawa. Na ɗaga kai na dubi dattijon, shi kuma ya gyaɗa kai sau ɗaya ya ci gaba da aikinsa. Jatan landen kuruma, wanda aka dafa a lokacin aka ɓare shi da zafinsa, shi ma ya yi zaƙi ƙwarai, haka kuma jan naman tuna da aka jiƙa mini a shoyu zalla.

A kan tuna ne ra'ayina ya saɓa da na sauran baƙi. An jera mana kashi uku: jan nama, da mai matsakaicin kitse, da otoro, wato tumbin kifin mai kitse sosai wanda shi ne mafi tsada. Mutanen da ke gefena sun lumshe ido a kan otoro, ni kuwa na ji shi kamar an ɗora mini man shanu a kan shinkafa, ya narke ya bar maiƙo ba tare da wani ɗanɗano mai zurfi ba. Abin mamaki shi ne mutanen Edo na da ma ba su ɗauke shi a bakin komai ba, sukan yar da shi saboda saurin lalacewa, har ana cewa ko kyanwa tsallake shi take yi. Yau kuwa kifin ya zama abin gasa: a gwanjon farko na shekarar 2019 a Toyosu, ɗan kasuwa Kiyoshi Kimura ya sayi tuna guda mai nauyin kilo 278, wanda aka kamo a gaɓar Oma, a kan yen miliyan 333 da dubu 600. Haka ma uni, cikin wata halittar teku mai ƙaya kamar bushiya da ake kawowa daga Hokkaido, ban ji abin da ake yabo a cikinsa ba; sulɓinsa da ƙarnin teku sun yi mini yawa, sai da na bi shi da yankan citta mai tsami da kurɓin shayi. Wannan laifin harshena ne, ba na gidan ba.

A loma ta takwas wani abu ya faru da ya sa na ƙara ganin girman mutumin. Hannunsa ya saba, sai ya tsoma buroshin jama'a ya shafa wa tawa lomar, har ya miƙo ta rabin hanya. Ni ban ma lura ba. Shi ne ya tsaya cak, ya janye ta ya ajiye a bayan kanta, ya wanke hannunsa, ya goge wurin da ya ɗora ta, ya yanko sabon kifi ya sake yin wata da buroshina, sannan ya rusuna ya faɗi kalmar ban haƙuri. Da ya ajiye mini ta farkon da na cinye ban san komai ba. A madadin anago ya gasa mini kifin nodoguro da gishiri ya ɗora a kan shinkafa, a madadin wainar ƙwai kuma aka kawo yanka biyu na 'ya'yan itacen kaki, wanda yake dangin kanyarmu ne, sai dai ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Na ga yadda maƙwabtana suke santin anago mai laushi da romonsa mai duhu, kuma ba zan ɓoye ba, na san an rage mini wani abu daga cikar tsarin. Duk Musulmin da zai bi wannan hanya ya shiga da sanin cewa zai biya kuɗin cikakken abu ya sami kusan cikakke.

Abin da zan soki gidan a kansa guda biyu ne. Na farko gaggawa. Suna zama biyu ne a dare, na ƙarfe 6 da na 8 da rabi, kuma tun ƙarfe 8 saura kwata aka fara kwashe kofuna ana goge kanta ta yadda kowa zai fahimci cewa lokacin tashi ya yi, ko shayin ƙarshe ban shanye a natse ba. Mutumin da ya biya irin wannan kuɗi ya cancanci minti goma na zama ya huce. Na biyu shi ne lissafi. An miƙo mini 'yar guntuwar takarda da lamba ɗaya tak a rubuce da hannu, yen 41,800, babu bayanin nawa ne abinci, nawa ne shayin oolong da na sha, nawa ne harajin kashi 10 cikin ɗari. Otal ya gaya mini tun farko cewa abincin yen 38,500 ne, saboda haka bambancin bai kai a yi rigima ba, kuma na ji cewa haka al'adar irin waɗannan gidaje take, amma ɗan kasuwa ba ya jin daɗin biyan kuɗin da bai ga yadda aka tara shi ba. Tukwici dai ba a bayarwa a Japan, kuma mai gidan da kansa ya rako ni har bakin lif ya tsaya a rusune sai da ƙofa ta rufe. Ga wanda ba ya jin Japananci akwai kuma ɗan kaɗaici, domin ban da sunan kowane kifi da yaron gidan yake faɗa mini da guntun Ingilishi, hirar da ake yi da dariyar duk sun wuce ta kaina.

Ko kuɗin ya cancanta? A wurina, sau ɗaya, ya cancanta, kuma saboda shinkafar da kohada da wancan buroshi na biyu ne. Wanda bai taɓa cin sushi ba ko kaɗan, shawarata ita ce kada ya fara daga nan. Ya fara gwada na rana, wanda gidaje masu kyau da yawa suke sayarwa a kan rabin kuɗin dare ko ƙasa da haka, ya ga ko cikinsa zai karɓa. Wanda kuma ya sauko daga doguwar tafiya a ranar, da bambancin sa'o'i takwas tsakanin Najeriya da Japan a kansa, kada ya kama wuri a daren farko, domin barci zai hana shi sanin abin da yake ci.

Da safe na taka zuwa tsohuwar kasuwar Tsukiji, tafiyar minti goma daga otal. Babbar kasuwar kifin da aka buɗe a 1935 ta koma Toyosu tun watan Oktoban 2018, amma layukan waje suna nan da masu sayar da wuƙaƙe da busasshen kifi da ganyen shayi, a nan na sayi tsarabar shayi kore. Na bar ɗaki ƙarfe 11, otal ya riƙe mini akwati kyauta, na hau layin Chiyoda zuwa Yoyogi-Uehara na yi sallar Juma'a a masallacin Tokyo Camii, wanda aka fara ginawa a 1938 aka sake gina shi da salon Turkiyya a shekarar 2000. Daga tashar Tokyo jirgin Narita Express ya kai ni filin jirgi cikin kimanin sa'a ɗaya a kan yen 3,000 da ɗoriya. Tunatarwa ɗaya ga mai shigowa ƙasar: kada ya yi guzurin kilishi ko dambun nama don gudun abincinsu, domin dokar Japan ta hana shigo da nama ba tare da takardar hukuma ba, akwai karnuka masu sansanar kaya a wurin ɗaukar akwati, tarar kuma tana iya kaiwa yen miliyan 3.

Kafin in bar otal na nemi ma'aikaciyar nan don in yi mata godiya, aka ce ba ta aiki a ranar, sai na bar mata 'yar wasiƙa da ƙaramin kwalin dabino da ya rage a jakata. Takardar da ta rubuta mini da Japananci tana nan a ninke cikin fasfona, da ɗigon shoyu a gefe guda, kuma wani abokin aikina da zai je Osaka a watan Maris ya riga ya ɗauki hotonta a wayarsa.